Hannun Injin Girbi Ya Lanƙwashe a Kura, Maganinsa Yana Ƙofar Ruwa

Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, duk wanda ya bi titin Zariya ya kai Kura zai ga shinkafa ta nuna a fangali iya ganinsa. A waɗannan makonni manomi ba ya samun barci mai daɗi. Shinkafa idan ta nuna ba ta jiran kowa. A bar ta mako guda ta fara zuba, tsuntsaye su kwashi rabonsu, wadda ta rage kuma ta bushe ƙarau, ta riƙa kakkaryewa idan an kai ta injin casa. 'Yan ƙodago masu lauje sun yi tsada, kuma kowa a lokaci ɗaya yake nemansu. Shi ya sa injin girbi, wanda ke yanka ya buge ya sheƙe a tafiya guda, ya zama abin bin layi. Manomi kan biya kuɗin kafin alƙalami tun shinkafa tana ɗanya, a rubuta sunansa, ya zauna yana ƙirga kwanaki.

Ana cikin wannan jira ne sai a ji labari: injin ya tsaya, hannunsa ya bugi bishiya.

Wanda bai san injin ba, bakinsa yake kallo, wato inda wuƙaƙe suke yanka. Amma a gefensa akwai wani dogon bututun ƙarfe a kwance, daga bayan mazaunin direba zuwa wutsiya. Idan rumbun injin ya cika, direba ya ja wani maƙunni, man haidurolik ya tura bututun ya buɗe gefe, bakinsa ya tsaya saitin tirela ko tamfal ɗin da aka shimfiɗa, hatsi ya kwararo. Wannan shi ne hannun juye. A cikinsa akwai sandar ƙarfe da aka naɗe da faffaɗan ƙarfe a murɗe, irin sukurun da ke cikin injin markaɗe yana tura tattasai gaba. Sai dai wannan tsawonsa kan kai mita 3 zuwa 4 a ƙananan injuna masu tafiya a kan bel ɗin roba, a manya kuwa ya kai mita 6 ko ya wuce. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, ana jingina ta ga Arkimidis, masanin Girkawa, tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin ruwa ake ɗagawa da ita. A 1945 wani mutumin Kanada mai suna Peter Pakosh ya ƙera irinta ta ɗaga hatsi a birnin Toronto, daga nan ta bazu a gonakin duniya.

Idan wannan hannu ya lalace, injin na iya yanka, na iya bugu, amma ba ya iya fitar da abin da ya tara. Rumbu ya cika sau ɗaya, aiki ya ƙare.

Injin manyan filaye a gonar fangali

Manyan injunan girbi irin na John Deere da Claas da New Holland an tsara su ne domin filayen da direba zai yi tafiyar kilomita bai juya ba. Gonakinmu ba haka suke ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma shimfiɗa hanyoyin ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasar ta ci gaba da zama a hannun masu ita, gado yana ƙara tsattsaga ta. Kashin farko na aikin ban ruwan, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi, an tsara masa hekta 22,000, amma da yawa daga cikin manoman abin da suke nomawa bai kai hekta ɗaya ba. Ga kwalbati, ga bakin kanal, ga darbejiya da mangwaro a kan iyaka, ga falwaya ta ratsa ta tsakiyar gona. Ƙananan injunan Asiya irin su Kubota da Lovol da Zoomlion sun fi dacewa da wannan yanayi, shi ya sa suka yawaita bayan an ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Kebbi cikin Nuwamban 2015, aka kuma rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 shinkafar gida ta yi daraja. To amma su ma hannu gare su, kuma hannun nan shi ne abin da ya fi komai fitowa waje a jikin injin.

Yawanci hatsarin ta hanya ɗaya yake zuwa. Direba ya gama juye, mai gona na gaba yana tsaye a kansa yana cewa rana tana yi, sai ya ja injin bai jira hannun ya koma mazauninsa ba. Ya zo karya kwana a bakin gona, hannun ya daki kututture. Wani lokaci mai tirela ne zai yi baya ya tokare shi. Wani lokaci kuma a kan hanya ne, an ɗora injin a babbar mota ba a ɗaure hannun ba, reshe ya kama shi. Mafi muni shi ne ya taɓa wayar wuta, domin a nan ba maganar ƙarfe ake ba, maganar rai ake. Direban da hannunsa ya taɓa waya, zamansa a kan injin ya fi masa lafiya har a kashe wutar, kuma kada wani na ƙasa ya kusanci injin. Idan gobara ta tilasta masa sauka, tsalle zai yi da ƙafa biyu a haɗe, kada ya taɓa injin da ƙasa a lokaci guda.

Me ya sa sai cikin gari?

Ba wanda zai shiga da injin girbi lungunan Jakara ko Madabo. Abin da ake yi shi ne a kwance hannun, a ɗora shi a a-kori-kura, a kama hanyar birni, kilomita talatin da wani abu daga Kura. Kuma ba banza ba ake nufo nan. Kano garin ƙarfe ce tun kafin ta zama garin fatauci. Tarihin baka ya ce Abagayawa maƙera ne, kakansu mai suna Kano ya taso daga Gaya ya zo Dutsen Dala neman tama, masu binciken tono kuma sun samu burbushin narka ƙarfe a wajen dutsen da ke komawa zuwa kusan ƙarni na 7. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa a ƙarni na 12 ta zagaye dutsen ne da maƙeransa. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), har yau ana sayar da kayan ƙira a cikinta, Lokon Maƙera yana nan da sunansa, sarautar Sarkin Maƙera ma tana nan. Wani masanin Hausa ɗan Ingila, Philip Jaggar, ya zauna da maƙeran birnin ya rubuta littafi a kansu, wanda ya fito a 1994. Lauje da magirbi da fartanya da garmar shanu da ƙasar Kano ta yi noma da su ɗaruruwan shekaru, daga irin waɗannan maƙeru suka fito.

Yau nauyin wannan gado ya fi faɗawa a kan Ƙofar Ruwa, a arewacin badala, cikin ƙaramar hukumar Dala. Kasuwa ce ta ƙarafa da kayan gyaran mota da gwangwan, inda za ka ga rodi da bututu da tsofaffin injuna jibge, masu walda a gefe, masu injin sassaƙar ƙarfe a gefe, makanikan manyan motoci sun baje giya a ƙasa. Mafi yawansu ba su taɓa karanta littafin kamfanin Kubota ba. Amma mutumin da ya yi shekaru yana miƙar da sandar farfelar tirela ya san halin dogon ƙarfe mai juyawa, kuma wannan sanin shi ake buƙata.

Igiya da alli kafin guduma

A nan ne ake gane gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo yana ganin bututu a karkace sai ya nemi jak da sarƙa ya ja. Gwani ba ya taɓa guduma sai ya gano inda bugun ya sauka, domin inda aka daka daban, inda ya ji ciwo daban. Hannun dogo ne, tsininsa ne ke bugun bishiya, amma ƙarfin bugun a gindi yake tarewa: a zoben da hannun ke juyawa a kai, a gwiwar da ke haɗa sukurun tsaye da na kwance inda giya biyu ke cizon juna, da kunnen da sandar haidurolik ke maƙale a jiki. Lissafin mai sauƙi ne. Idan gindin ya goce da digiri ɗaya tak, tsinin hannu mai mita 6 zai kauce da kusan santimita 10. Ido zai rantse bututun ne ya lanƙwashe, alhali lafiyarsa ƙalau. Saboda haka nagartaccen bakanike ya fi son ya je gonar da kansa ya ga hannun a jikin injin kafin a kwance shi. Zai duba ko fenti ya tsage a kewayen walda, ko ramukan ƙusoshi sun yi faɗi, ko hannun yana zama daidai a matokarinsa idan an naɗe shi. Hannun da sai an tura shi da kafaɗa kafin ya zauna, gindinsa ne ya motsa.

Bayan nan sai igiya. A ɗaure zare mai ƙarfi daga wannan baki zuwa wancan, a ja shi ya miƙe, a auna tazarar da ke tsakaninsa da jikin bututun a wuri biyar ko shida, sama da gefe. Zare ba ya ƙarya. Inda tazarar ta canja, nan ne lanƙwasar take.

Kafin a kwance komai ana kashe injin a zare makulli, a rataye hannun da sarƙa ko a tokare shi, domin ƙarfe ne mai nauyi kuma man haidurolik ba abin dogaro ba ne. Sannan a yi wa kowace mahaɗa alama da alli ko fenti. Wannan alama tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A dogayen hannuwa sukurun kashi biyu ne, akwai boris mai riƙe da su a tsakiya, kuma murɗin na farko dole ya miƙa hatsi ga murɗin na biyu a daidai yadda kamfani ya saita. A mayar da su a goce, hatsi ya riƙa cunkushewa a mahaɗar, bel ya riƙa zamewa, a yi ta neman laifi a inda babu shi.

Idan aka zaro sukurun, sai a ɗora bakinsa biyu a kan ƙarafa masu baki kamar gwafa, ko a kan boris biyu-biyu, yadda zai iya mirginawa. Yaro yana juya shi a hankali, maigida ya tsuguna ya riƙe alli kusa da sandar, hannunsa a tokare bai motsi. Duk zagaye, wurin da ya fi tasowa ne kaɗai zai taɓa allin. Za ka ji yana cewa, “Sannu dai, yaro, kada ka yi sauri. Tsaya nan. Koma baya kaɗan.” Yaron ya ce, “To, Maigida.” Farin layin da ya fito a jikin ƙarfen shi ne ƙololuwar lanƙwasar. Mai agogon awo yana samun adadin dalla-dalla, kuma ya kamata kowane shago ya mallake shi, amma alli a hannun mai haƙuri yana kai mutum kusa ƙwarai.

Miƙarwar kanta hanya biyu ce. Ta farko a sanyi: a juya ƙololuwar sama, a tokare sandar ta ƙasa a gefe biyu, a danna da jak ko injin matsi. Ƙarfe yana da halin komawa, saboda haka sai an ɗan wuce daidai kafin a saki. A danna kaɗan, a saki, a juya, a sake sa alli. Ana iya maimaita wannan sau da yawa, kuma wanda ya ƙosa ya danna da ƙarfi sau ɗaya zai mayar da lanƙwasa ɗaya ta zama biyu. Sandar tsakiyar ma galibi bututu ce, ba curarren ƙarfe ba, don haka ana sa mata matashi a inda jak zai taɓa, kada ta lotsa.

Hanya ta biyu ita ce wuta, kuma ita ce ta fi kusa da aikin kakanni. Mutane da yawa suna ɗauka ana gasa ƙarfen ne don ya yi laushi a tanƙwara shi. Gwani ba haka yake yi ba. Yana ɗora harshen wutar gas a ɗan ƙaramin wuri a bayan lanƙwasar, wato gefen da ya taso, har ya yi ja mai duhu, zafin da bai wuce digiri 650 ba. Wurin da ya yi zafi yana so ya buɗe, sanyayyen ƙarfen da ke kewaye da shi ya hana shi, sai ya matse a kansa. Idan ya huce sai ya tsuke fiye da yadda yake a da, ya jawo sandar ta miƙe da kanta. A bar shi ya huce a iska. Mai gaggawa da ke kwara masa ruwa yana iya sa ƙarfen ya yi gautsi, ya tsage a tsakiyar kaka. Wanda kuma ya bar shi ya yi ja jawur har ya koma ruwan lemo, ya kashe ƙarfin ƙarfen.

Bututun waje shi ma yana da nasa aikin. Tazarar da ke tsakanin gefen sukuru da cikin bututu 'yar kaɗan ce, lotsawar da ba ta kai kaurin yatsa ba ta isa ta sa su riƙa gugar juna. Ana tura dunƙulen ƙarfe mai faɗin cikin bututun, ko ƙaramin jak, a turo lotsawar daga ciki ana bubbuga gefenta da guduma ta waje. Idan bututun ya karye har ya yi tsini, miƙarwa ba ta da amfani, sai a yanke wurin a yi ƙari, a riƙa ɗiga walda gefe da gefe don kada zafi ya ja shi ɓangare ɗaya. Boris ɗin da suka sha bugu kuwa canja su ake yi, ko da a hannu suna juyawa lafiya.

Ƙusar da aka yi don ta karye

Akwai wata 'yar ƙusa a inda ƙarfin injin ke shiga sukurun, a injuna da yawa. Kamfani da gangan ya yi ta yadda za ta tsinke idan sukurun ya cije, don ta fanshi giya da sanda. Hannun da bai miƙe sosai ba yakan riƙa karya ta. Direba ya canja ta farko, ya canja ta biyu, a ta uku sai ya fusata ya nemo ƙusar tirela mai taurin gaske, ko ma ya sa a like wurin da walda. Daga ranar ƙusa ba za ta ƙara karyewa ba, giyar gwiwa ce za ta farfashe, ita kuwa ba a samunta a kowane shago, wani lokaci sai an aiko da ita daga Legas ko daga Sin. Garin neman gira an rasa ido. A ganina wannan ɗabi'a ta fi bishiyoyin bakin gona kashe hannun juye.

Haka ma walda a jikin injin. Dole a cire kan batir, a injunan zamani a cire har da na'urar kwamfutarsu. A maƙala wayar ƙasa dab da inda ake waldar, don kada wuta ta bi ta cikin boris ta ƙona shi. A share ƙaiƙayi da ɓuntu tas, a ajiye ruwa kusa, domin tartsatsi ɗaya cikin ƙurar shinkafa na iya cin injin gaba ɗaya.

Idan an mayar da hannun, ba a fara shi da cikakken rumbu. A juya sukurun da hannu tukuna a saurara. A tada injin a ƙaramin gudu babu hatsi, a ɗora tafin hannu a jikin bututun nesa da duk abin da ke juyawa. Idan akwai inda ke bugawa duk zagaye, ko ya yi ɗumi bayan 'yan mintoci, aiki bai ƙare ba. Sai a gwada da rabin rumbu, a ɗebi hatsin da ya fito a tafi a duba.

Wannan dubawar ta ƙarshe ita ce ta shafi manomi kai tsaye, kuma ita aka fi mantawa. Sukurun da ke gugar bututu yana murƙushe shanshera, yana ɓare wata, yana tsaga wata a cikin ɓawonta inda ido ba ya gani. Sai an kai ta wurin masu turarawa a Kura ko manyan injunan casa sannan tsakin zai bayyana, mai saye ya karya farashi. Mai injin ya riga ya karɓi kuɗinsa ya wuce gona ta gaba, asarar ta zauna a buhun manomi. Ga shi kuma ɓuntun shinkafa yana da kaushi sosai saboda sinadarin yashi da ke cikinsa, yana cin ƙarfe fiye da alkama, don haka wurin da ke guga ba ya daɗewa sai ya huje, hatsi ya riƙa tsiyaya a gona.

Sayen injin daban, riƙe shi daban

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi a watannin da suka biyo baya, duk wani ƙarfe da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi. Sabon hannun juye, idan ma an same shi, kuɗinsa ba na wasa ba ne, kuma kafin ya iso kaka ta wuce. Wannan ya sa gyara ya zama dole, ya kuma sa masu gyaran suka zama wani ginshiƙi na noman shinkafa da alkama a Kano, ko da yake ba a kiransu taro. Mun saba ganin bikin raba injuna, an jera su an ɗaura musu ƙyalle. Mun kuma saba ganin irinsu bayan 'yan shekaru a harabar ofisoshi, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu, alhali abin da ya kwantar da wasunsu bai fi boris ɗaya da giya biyu ba.

Ba a rasa inda za a nemo ilimin ba. Akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, akwai cibiyar injunan noma ta ƙasa a Ilori, akwai sashen injiniyan noma a Jami'ar Bayero, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ga hukumar aikin gona ta jiha, KNARDA, da malaman gonarta. Abin da ya rage shi ne a haɗa masu takarda da masu alli. Maigidan Ƙofar Ruwa ba ya buƙatar a koya masa halin ƙarfe, ya gaje shi. Abin da yake buƙata shi ne agogon awo, da littafin injin a harshen da yake karantawa, da adadin da kamfani ya ƙayyade na kowace tazara da taurin kowace ƙusa. Direba kuma yana buƙatar horo na gaske kafin a damƙa masa dukiyar miliyoyi, ba wai don ya iya tuƙa tarakta ba.

Kirana ga gwamnatin jiha da masu shigo da injuna shi ne, duk kwangilar sayen injin girbi a sa mata sharaɗin kayan gyara da horar da makanikai na gida, a kuma buɗe rumbun kayan a Kura ko Kadawa inda aikin yake. Ku kuma masu injuna, tsakanin girbin shinkafa a Nuwamba da girbin alkama a Maris akwai wata uku cur. A cikinsu za ku ja zare a jikin hannun, ku zaro sukurun a duba, ku canja boris, ku sayi ƙusoshin kariya na asali ku ajiye a akwatin direba. Kada ku bari sai manoma sun yi layi.